Maganin Suga Da Ba Mai Tallarsa

Ku kunna rediyo da daddare a kowace jihar Arewa ku kasa kunne na awa guda. Da wuya ku kashe ba ku ji wani ya sayi fili yana rantse-rantse cewa yana da garin da ke tumɓuke ciwon suga har saiwarsa ba. Ku ratsa ta bakin kasuwa ko tasha, ga mota nan da lasifika a ka ana zuba wa jama'a romon baka: jarka ɗaya ta gama da suga, ta gama da hawan jini, ta gama da basir, har da ƙarin abin da ba ya faɗuwa a gaban yara. Mutane na turereniya suna miƙa kuɗin cefanensu. Amma abu guda da aka gwada, aka auna, aka sake aunawa a ƙasashe daban-daban, aka ga yana sassauta hauhawar suga bayan cin abinci, ban taɓa jin wanda ya saya masa fili ko na minti 5 ba. Abin nan kuwa shi ne mutum ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya miƙe ya taka ƙafa na minti 10. Iyakarsa ke nan. Ba jarka, ba ƙulli, ba lambar wayar da za a kira. Laifinsa kuma ke nan: babu mai cin riba da shi, don haka babu mai ɓata yawunsa a kansa.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba masu lasifika kaɗai nake jin haushi ba. Su neman kuɗi ya fito da su, kowa ya sani. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne waɗanda suka san gaskiya suka ja bakinsu suka yi gum, da waɗanda suka gina mana garuruwan da tafiya a ƙasa ta zama kasada, da mu kanmu da muka mayar da taka ƙasa abin kunya.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki, don kada a ce shaci-faɗi nake yi. Tuwon shinkafa, na masara, semo, taliya, gurasa, waina, burodi, doya, duk da zarar sun sauka ciki hanji ke narkar da su ya mayar da su suga, sugan ya tsallaka cikin jini. Yakan soma hawa cikin 'yan mintuna, ya kai ƙololuwa wajen awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan ci, sannan ya fara sauka. Mai sauke shi wani sinadari ne da ake kira insulin, wanda wata 'yar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take fitarwa. Inda mafi yawan sugan ke ƙarewa kuwa shi ne tsoka, musamman manyan tsokokin cinya da na ƙafa. Ka ɗauka tirela ce ta sauke buhunan hatsi a ƙofar sito, insulin kuma shi ke riƙe da makulli. A jikin mai ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ya fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba, kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa: mai makulli na ta murɗawa, ƙofa na buɗewa da ƙyar, buhuna na jibge a kan hanya. To siton nan yana da ƙofa ta biyu wadda ba ruwanta da makulli, motsin tsoka ke buɗe ta. In tsoka ta ɗame ta saki, ta ɗame ta saki, wasu ƙananan 'yan dako da masana suka laƙaba wa suna GLUT4 sukan taso daga cikin ƙwayar tsokar su zo bakinta su riƙa janye suga daga jini, ko da insulin bai ce uffan ba. Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Ya daɗe a cikin littattafan da ɗaliban likitanci ke haddacewa don cin jarrabawa.

Sugan da ya daɗe yana yawo a jini ba ya ihu, ba ya sa zazzaɓi, shi ya sa ake raina shi. A hankali yake cinye ƙananan hanyoyin jinin ido, da na ƙoda, da jijiyoyin tafin ƙafa. Sai bayan shekaru mutum ya tsinci kansa a layin wankin ƙoda, ko a ce masa gyambon nan da ya ƙi warkewa sai an yanke ƙafa, sannan dangi su shiga karo-karo da neman waye ya yi masa sammu. Hawan nan na bayan kowane ci, sau uku a yini, shekara da shekaru, yana cikin abin da ke kai mutum can.

A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, Andrew Reynolds da abokan aikinsa, sun wallafa wani gwaji da ya kamata a ce kowane ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya san shi. Sun ɗauki mutum 41 masu ciwon suga nau'i na biyu. Mako biyu aka ce kowa ya yi tafiyar minti 30 a duk lokacin da ya ga dama a yini. Wasu mako biyun aka ce ya kasa minti 30 ɗin kashi uku, goma-goma, bayan kowane babban abinci. Tsawon tafiya ɗaya aka ce kowa ya yi, lokaci kawai aka sauya. Da aka duba na'urar da ke manne a jikinsu tana auna suga dare da rana, sai ga shi hauhawar bayan ci ta ragu da kashi 12 cikin 100 in an yi tafiyar bayan abinci. Bayan abincin dare kuwa raguwar ta kai kashi 22 cikin 100. Dalilin da suka bayar ya kamata ya tsaya mana a rai: abincin dare ne ya fi nauyi, kuma bayansa ne mutane suka fi bajewa a kujera. Mutanen Niyu Zilan ke nan, waɗanda ba su san malmalar tuwo biyu da ƙarfe tara na dare ba.

Ba su kaɗai ba ne. Tun a 2013 Loretta DiPietro ta Jami'ar George Washington a Amurka ta gwada dattawa 'yan shekara 60 zuwa sama waɗanda suke bakin kamuwa da ciwon, ta ga tafiyar minti 15 sau uku bayan abinci ta yi daidai da doguwar tafiyar minti 45 wajen daidaita sugan yini guda, kuma ta fi ta wajen danne na bayan abincin dare. Kafin nan, a 2012, David Dunstan da mutanensa a birnin Melbon na Ostareliya sun zaunar da mutum 19 masu ƙiba na tsawon awanni bayan sun ba su abin sha mai suga. Ranar da aka riƙa tashinsu duk bayan minti 20 su yi tattakin minti 2 kacal, tattaki na hankali irin na mai zagaya ofis, sugan da ya taru a jininsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Aidan Buffey na Jami'ar Limerick a ƙasar Ayalan ya haɗa gwaje-gwaje 7 irin waɗannan wuri guda, ya samu cewa ko miƙewa tsaye kawai ta fi zama, amma tattakin minti 2 zuwa 5 ya fi tsayuwa amfani ƙwarai. A shekarar da ta biyo baya wasu Jamusawa a Farankfot suka duba batun lokaci, suka ce tafiyar bayan ci ta fi ta kafin ci, kuma gara a fara da wuri da a tsaya jinkiri. Ƙasashe biyar, baki ɗaya. Mai jarka ya kawo mana irin wannan shaida ko guda, in yana da ita.

Sai dai kuma akwai masu zaƙewa ta ɗaya ɓangaren, su ma ba zan ƙyale su ba. Tun da Marc Hamilton na Jami'ar Houston ya fitar da bincikensa a 2022, 'yan TikTok suka samu abin yayatawa. Shi ya duba wata tsoka ce da ke cikin sha-raɓa, wadda nauyinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na jiki ba, amma tana da juriyar aiki ba ta gajiya da wuri. Mutum na zaune, yatsun ƙafarsa a ƙasa, sai ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa. Waɗanda suka yi haka bayan sun sha ruwan suga, hauhawar sugansu ta ragu da kusan rabi cikin awa 3. Gaskiya ne. Abin da masu bidiyon minti ɗaya ba sa faɗa shi ne mutanen kaɗan ne, kuma awanni suka yi suna ɗaga dunduniyar a ɗakin gwaji ana sa musu ido da na'urori, ba wai sun kaɗa ƙafa sau goma a gaban faranti suka tashi da lafiya ba. Ni dai ga yadda na ɗauke shi: ga wanda zama ya kama dole, mai shago a Kantin Kwari, ma'aikacin banki, wanda aka ɗaure a taron otal tun safe ana ta kawo shayi da cincin, ɗaga dunduniya ya fi zaman banza. Ko ana tsakiyar cin abinci ya yi, ba wanda zai gani, ba abin da zai rasa. Amma kada wani ya ji wannan ya ce an ce a ci abinci ana tafiya ko ana tsalle. Tarbiyyar da aka yi mana ta a zauna a ci cikin natsuwa daidai take, kuma ta fi tsare mutum daga ƙwarewa da haɗiye loma ba tauna. Aikin yana farawa ne daga wanke hannu.

A nan ne kuma muke faɗuwa warwas. Dubi daren magidanci a Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Ya yini a zaune a kasuwa ko ofis, ya hau adaidaita ko mashin har ƙofar gida. A kawo masa tuwo mai zafi, ya ci ya yi nak, ya kora da lemon kwalba ko zoɓon da aka zuba wa suga kamar ba a san kuɗinsa ba, sannan ya jawo matashi ya kishingiɗa da waya a hannu, wai abinci ya bi jiki. Abinci kam yana bin jiki, amma ba ta hanyar da yake zato ba. Daidai lokacin da jini ya fi cika da suga, lokacin ne ya zaɓa ya kashe kowace tsoka da zai iya amfana da ita. Wani ma bayan nan zai leƙa teburin mai shayi ya ƙara da indomi da burodi da shayi mai kauri, ya dawo ya kwanta a kan wannan tulin.

In ka yi magana a ce maka ai kakanninmu tuwon suka ci suka yi shekara 90. Sun ci, amma wane tuwo, kuma me suka yi bayansa? Na dawa da gero suka ci, wanda aka surfa a turmi ba a raba shi da dukan dusarsa ba. Sun ci ɗumame suka saɓi fartanya, suka taka zuwa gona, suka taka zuwa kasuwar ƙauye, mata suka yi daka da niƙa da jan ruwa a rijiya. Mu kuma mun riƙe girman malmalarsu, mun musanya dawa da farar shinkafa da fulawa, mun watsar da tafiyar. Sai kuma tsohuwar barazanar nan da aka raine mu da ita, wai motsi bayan cin abinci yana tura tsakuwa cikin hanji ya jawo afendis. Ba haka ba ne. Tattaki ba ya haddasa afendis. Gudu ko ƙwallo da cikakken ciki na iya sa ciwon ciki ko tashin zuciya, wannan daban, kuma ba wanda ya ce a yi gudu.

Yanzu bari in juyo kan masu farar riga, don a wurinsu abin ya fi mini zafi. Na taɓa raka wani kawuna ganin likita a wani asibiti. Bayan doguwar jira aka duba takardar gwajinsa, aka rubuta magani, likita ya ce, "Baba, a rage tuwo, a riƙa motsa jiki." Da muka fito tsoho ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ni da furfurata ƙwallo zan koma bugawa?" Kun ji inda shawarar ta mutu. A kunnen mutanenmu motsa jiki na nufin gajeren wando, takalmin gudu, filin wasa da asuba, abin matasa da sojoji da 'yan boko. Dattijo ba zai yi ba, Hajiya ba za ta yi ba, kuma likita ya san ba za su yi ba, ya dai faɗa ne don ya sauke nauyi. Na san likitocinmu sun yi kaɗan, na san mutum ɗaya na ganin marasa lafiya fiye da ƙima kafin azahar, na san da yawa sun tsallake zuwa Saudiyya da Ingila sun bar sauran da jibgin aiki. Amma daƙiƙa nawa zai ci a ce, "Baba, duk lokacin da ka gama cin abinci, musamman na dare, kada ka kwanta, ka zagaya ƙofar gida na minti 10"? Magana ce da tsoho zai gane, zai iya, ba za ta zubar masa da girma ba. Maimakon haka sai a sallame shi da tatsuniyar alkama: ya bar tuwon shinkafa ya koma na alkama, ya riƙa lodar malmala uku da kwanciyar hankali, yana zaton magani yake ci. Garin alkamar da inji ya niƙe lukui shi ma suga yake komawa. Yawan da aka ci, da miyar ganyen da aka haɗa, da abin da aka yi bayan ci, su ne zancen.

Kuma wannan sakaci yana faruwa ne a lokacin da ba mu da halin yin sa. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma adadin zai iya kai miliyan 55 nan da 2045. Najeriya kaɗai an ƙiyasta mata miliyan 3.6. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. A ƙarshen 2023 ɗin kamfanin Sanofi, ɗaya daga cikin manyan masu yin insulin a duniya, ya sanar cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya ya koma sayarwa ta hannun dillali. Mutane na raba ƙwaya biyu, suna tsallake allura, suna tsayawa a kemis suna lissafi tsakanin magani da kwanon masara. A irin wannan hali, ƙin sanar da talaka abin da zai taimake shi kyauta ba mantuwa ba ce, zalunci ne.

Sai dai ko an faɗa masa, ina zai taka? Gwamnoninmu sun kamu da son gadar sama. Kowa so yake ya bar tasa, a ɗauki hoto da jirgi maras matuƙi a watsa. Amma ka nemi ɗan gefen titi mai tsawon kilomita guda da tsoho zai bi ba tare da ya faɗa kwata ba, ko mashin ya kwashe shi, ko ya yi karo da teburin mai kayan miya da janareton mai shago, sai ka sha wahala. Inda aka yi hanyar masu ƙafa an mayar da ita wurin ajiye motoci. Filayen unguwa da muka yi wasa a cikinsu an yanka an yi shaguna. Fitilun titi, inda akwai su, ado ne. Da dare kuwa, lokacin da tafiyar ta fi amfani, shi ne lokacin 'yan ƙwacen waya, kuma duk mutumin Kano ya san ba wasa suke yi da wuƙa ba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka yi ta shelar cewa don lafiyar jama'a ne, amma ba a ware kuɗin don lafiyar ba, sun bi sauran kuɗi cikin babban asusu. Dokar abinci da magunguna ta hana a tallata wa jama'a cewa wani abu na warkar da ciwon suga, ga shi ana karya ta kullum a bainar jama'a. Lambar NAFDAC da mai gargajiya ke ɗagawa kuwa, a mafi yawan lokuta shaida ce cewa an duba ba a ga guba ba, ba shaidar cewa yana magani ba. Wa ya taɓa tsayawa ya bayyana wa mutane wannan bambanci?

Mu ma ba mu fita ba. A garuruwanmu tafiya a ƙasa alamar karaya ce. Alhaji ya fito bayan abinci ya ce bari ya taka zuwa bakin titi ya dawo, kafin ya yi nisa mutum uku sun tsayar da mota: "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Washegari labari ya zaga majalisa cewa kasuwa ta juya masa baya. Saboda haka sai ya zauna, tumbi na girma, ana ce masa hutu ya karɓe shi. Masallacin da ke bayan layi da mota ake zuwa. Ruwan sha da ke kan firji sai an ƙwala wa yaro kira. Mun gina girma a kan kada mutum ya motsa, wanda ya fi kowa daraja shi ne wanda ya fi kowa zama, sannan muna mamakin yadda suga da hawan jini suka zama ciwon manya.

Mata kuma nasu ya fi. Wadda ke tashi daga gaban kwano ta hau wanke-wanke da shara da kai-kawo tsakanin kicin da tsakar gida, tana samun wani abu daga cikin amfanin nan ba tare da ta sani ba, duk da dai ba don lafiyarta aka ɗora mata ba. Wadda nake tausayi ita ce uwar da ta girma, 'ya'ya da surukai suka sauke mata kowane aiki don girmamawa: "Hajiya, ki zauna, za a kawo miki." A kawo mata abinci a kan darduma, a ɗauke kwano a kan darduma, ta yini ba ta taka 100 ba. Ƙauna ce, amma ƙauna ce mai cutarwa. Ba sai ta fita titi ba. Tsakar gida ta isa, baranda ta isa, ta je ta dawo da carbinta a hannu. Maigidan da zai ga matarsa na zagaya tsakar gida bayan tuwon dare ya ce mene ne haka kamar mai aljanu, gara ya tashi ya bi bayanta. Masu juna biyu da suga ke hau musu a lokacin goyon ciki ma, tattakin bayan abinci na cikin abin da likitoci ke ba su shawara a kai.

Abin haushin shi ne tsarin yininmu ya riga ya shirya mana wurin wannan tafiya, mu ne muka ƙi gani. Wanda ya ci abincin dare bayan magariba, ya tashi ya taka zuwa masallaci sallar isha'i, ya ɗan zaɓi hanya mai nisa wajen dawowa, ya samu minti 10 ɗinsa ba tare da ya sayi komai ba. Haka azahar da la'asar ga mai cin na rana, ko da yake a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri hankali ya ce a nemi inuwa, a yi ta a baranda ko doguwar farfajiyar ofis. Da azumi ma, bayan kunu da ƙosai da soyayyen dankali sun sauka a cikin da ya yini fayau, wanda ya taka zuwa asham ya fi wanda ya miƙe a tabarma. Limamanmu suna da jama'ar da babu likitan da ke da ita. Jumla biyu a ƙarshen karatu za su kai inda takardar ma'aikatar lafiya ba za ta taɓa kaiwa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganinsa, in ya yi haka ya koma sahun masu jarka. Tattaki yana rage tudun suga ne, ba ya warkar da ciwon. Gwaje-gwajen da na ambata na mutane kaɗan ne, na kwanaki ko makonni, kuma suga suka auna. Hujjar dogon zango ta fito ne daga wani babban gwaji na Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234 da ke gab da kamuwa: waɗanda suka rage ƙiba suka riƙa tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, na masu shan ƙwayar suga ta metformin kuma da kashi 31. Minti 10 sau uku a yini ya ma haura 150 ɗin nan a mako, in an ɗan ɗaga ƙafa. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide ya sani sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'ura, ya ji rawar jiki, gumi da jiri. Ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, kuma ya gaya wa likitansa ya fara tafiya. Wanda tafin ƙafarsa ya mutu ba ya jin zafi kada ya kuskura ya taka ba takalmi, ya duba ƙafarsa kowane dare, don ƙaya ɗaya ta isa ta zama gyambo. Wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa ko numfashi ke sarƙe masa in ya yi tafiya, asibiti zai nufa, ba zagayen unguwa ba.

Wanda kuma yake da na'urar gwaji a gida, ba sai ya yarda da ni ko da mutanen Otago ba. Tsinken gwaji ya yi tsada, na sani, amma ya sadaukar da guda huɗu. Daren farko ya auna kafin ya ci, ya ci tuwonsa yadda ya saba, ya zauna, ya sake aunawa bayan awa 2. Wani daren ya ci irin tuwon, daidai yawansa, a daidai lokacin, ya tashi ya taka minti 10 zuwa 15, ya auna kamar yadda ya yi a baya. Ya rubuta lambobin a bayan katinsa na asibiti ya kai wa likita ranar da zai koma. Likitan ne zai ce a taɓa magani ko a bar shi yadda yake, ba shi ba, ba ni ba.